Ki Ara Mini Fuskarki, Nana

Litinin, 24 ga Nuwamba, da hantsi

Na sauke yara a makaranta na dawo. Tun gashina yana baƙi nake tuƙa bas ɗin makarantar Warralin, amma har yau in na hawo tudun gonar Fenwick na hango tafkin gishiri, sai in ji kamar ban gama farkawa ba. Yau launin hoda ya yi. Rumbunan alkama na gari suna shawagi a samansa, gindinsu bai taɓa ƙasa ba. Na san kawalwalniya ce. Duk da haka na rage gudu.

Yara ba su da wata hira yanzu sai ta dokar nan. Daga goma ga Disamba, duk wanda bai kai sha shida ba za a rufe masa shafinsa na sada zumunta. Wanda ya ce ya kai, sai ya nuna fuskarsa ga kyamara, na'ura ta auna shekarunsa.

"Saura ƙiris a binne mu da rai," in ji Bree, babba cikin 'yan biyun gidan Fenwick.

"Ke za a binne," in ji 'yar'uwarta Shae. "Ni kwalliya zan yi, in sa gilashin Mama, in ɗaure fuska kamar mai ciwon haƙori."

Wani daga baya ya ce zai zana gashin baki da biro. Aka ce masa ya bari muryarsa ta buɗe tukuna.

"Misis Harkin, in kika nuna wa na'urar fuskarki, me za ta ce?"

"Hayaƙi za ta yi," in ji Shae.

Na ce wanda ya ƙara tofawa zai sauka ya tura bas. Dariya har da buga kujeru.

Jikata Marnie kaɗai ce ba ta dara ba. Shekararta sha huɗu. Tana kujerar ƙarshe, goshi jingine da gilashi, waya a cinya. Da ta ga ina kallonta ta madubi, sai ta janyo gashinta ta rufe tabon girarta.

Ni dai na ce dokar ta yi daidai. Na faɗa a shago, na faɗa a coci.

Laraba, 26 ga Nuwamba, da la'asar

Mijina Merv yana kan injin girbi tun fitowar rana. Na kai masa shayi da burodi gona. Daga nesa injin kamar jirgin ruwa yake, yana ratsa alkama, ƙaiƙayi na tashi bayansa ruwan zinariya.

Ya kurɓi shayin ya ce, "Yarinyar nan lafiya kuwa?"

"Lafiya."

"To."

A aurenmu wannan doguwar hira ce.

Na yi mafarki ina tuƙa bas a tsakiyar tafki, gishiri yana ƙara ƙarƙashin tayoyi. Kujeru duk wayam, sai mutum ɗaya a can baya. Ban duba madubi ba.

Juma'a, 28 ga Nuwamba, da yamma

Muna feraye dankali a kicin, sai Marnie ta ce, ba tare da ta ɗago ba:

"Nana, ki ara mini fuskarki."

"In ara miki, ni in yi yawo da me?"

"Na ɗan lokaci ne kawai. Ki kalli kyamara, ki juya hagu, ki juya dama. Sai su ɗauka shafin na babba ne."

"Da wannan fuskar? Sai dai su ɗauka na gidan tarihi ne."

Ko murmushi ba ta yi ba. "Maman su Bree ta ce za ta yi musu."

"Maman su Bree ita ta bar su suna tuƙa tarakta tun ƙafarsu ba ta kai birki ba. Ba da ita nake awo ba."

"Ba ki gane ba, Nana."

"To ganar da ni mana."

Ta daɗe tana juya dankali ɗaya a hannu, har na ɗauka za ta yi magana. Sai ta ajiye wuƙar a hankali, ta ce ba komai, ta fita. Tafiyarta in an kalle ta daga baya, sak. Ba zan rubuta ta wa ba.

Asabar, da tsakar rana

Zafi. Tsuntsaye sun jeru kan wayar lantarki, baki a buɗe, babu mai ƙarfin kuka.

Lahadi, 30 ga Nuwamba, da hantsi

Ina shanya a bayan tagar ɗakin Marnie sai na ji murya daga ciki, tana fitowa daga waya. Ta ɗan dishe fiye da yadda na san ta, amma dariyar nan da ke shiga tsakiyar kalma tana nan.

"'Yar tsuntsuwata, ya makaranta? Kin yi tsawo kuwa?"

Sama da shekara biyu rabona da muryar nan.

Na tsaya da rigar Merv a hannu. Ban san tsawon lokacin da na yi ba. Da na dawo hayyacina rigar ta bushe a hannuna, ban shanya ta ba.

Na ce wa Merv kaina na ciwo. Ban je coci ba.

Talata, 2 ga Disamba, da yamma

Da na sauke yaro na ƙarshe, sai na tsayar da bas ƙarƙashin bishiyoyin turaren da ke mararrabar gidanmu, na kashe inji. Daga ni sai Marnie, tsawon bas a tsakaninmu. Ban juya ba. Ta madubi muka yi maganar.

"Tun yaushe?"

"Tun yaushe me?"

"Marnie, ni na haifi muryar nan."

Sai ta fashe. Tun lokacin sanyin ƙasar nan, in ji ta, tun Yuli. Uwarta ce ta nemo ta a shafin, da wani suna dabam. Ba ta da waya, ba ta da layi; da na'urar gidan da take zaune take aiko saƙon murya. Ba ta faɗi ko wane gari ba ne. Wani lokaci kullum, wani lokaci sai ta ɓace.

"Wanda na ji ranar Lahadi fa?"

"Tsoho ne. Maimaita shi nake yi. Tun tsakiyar watan jiya ba ta buɗe saƙo ko ɗaya ba. Na gaya mata za a rufe ni, na ce ta nemo wata hanya, amma ba ta gani ba." Ta share hanci da bayan hannu. "In ta dawo ta tarar babu ni, Nana, za ta ɗauka ni na toshe ta. Za ta ɗauka na zaɓe ku na bar ta."

Tambayoyi sun cika mini baki kamar an ɗura mini tsakuwa. Wadda ta fito ita ce:

"Tana cin abinci?"

"Ta ce tana ci." Can kuma ta ce, "Kada ki gaya wa Pop." Haka take kiran Merv.

Tegan. To, ga shi na rubuta. Tegan, 'yata.

Laraba, da sassafe

Merv bai sake furta sunan ba tun ranar da aka janyo a-kori-kurar da Tegan ta kifar a kwanar bakin tafki, Marnie a ciki. Ni kuma ban yi wa alƙali ƙarya a kanta ba, aka ba mu riƙon Marnie. Iyakar abin da zan rubuta ke nan.

Juma'a, 5 ga Disamba, da hantsi

Bas ya kusa kifewa yau da hayaniya. 'Yan biyu sun gwada na'urar da kansu jiya. Fuska ɗaya, hanci ɗaya, uwarsu ma da tabon gwiwa take bambance su. Na'ura ta ce Shae ta kai, Bree ba ta kai ba.

"Ni fa na riga ta fitowa duniya!" Bree tana ihu.

"Ki rage murya gaban manya," in ji Shae. "Ɗauko mini jakata, yarinya."

Aka juyo kan Marnie, ke fa? Ta ce ita sha uku aka ba ta, an ma rage mata ɗaya. Ta faɗa da dariya, yara suka taya ta. Ni na ga yadda hannunta ya damƙe ƙarfen kujera.

Da dawowa ni kaɗai, hanya ta narke a gabana kamar ruwa. Na yi ta tuƙi cikin ruwan, yana ja da baya.

Lahadi, 7 ga Disamba, da la'asar

Marnie ta zo da kanta ta same ni a matakalar baranda, ta ba ni kunne ɗaya na abin sauraro, ta riƙe ɗaya. Ina jin so take in ji muryar har zuciyata ta karye in yarda.

Saƙonnin farko-farko masu daɗi ne. Tegan tana ba da labarin wata kyanwa mai ido ɗaya da ke zuwa tagarta. Tana rera waƙar da take yi wa Marnie tana jaririya, ta manta rabi, ta yi dariya. Na rufe ido, sai na ji ƙamshin gashinta bayan wanka, tana 'yar firamare.

Sai wani ya shigo wanda Marnie ta yi saurin tsallakewa. Na riƙe hannunta na ce bar shi.

Kalmomin suna jan ƙafa. Akwai kuka a ciki. "In ba don ke ba, tsuntsuwa, ban ga dalilin tashi da safe ba. Kada ki bar ni. Ke kaɗai ce."

Bayansa kuma muryar Marnie, tana raɗa don kada mu ji ta bango: "Mama, sha ruwa. Ki kwanta ta gefe, kin ji? Akwai wani kusa da ke? Mama, ki amsa mini."

Irin wannan ba ɗaya ba ne, ba biyu ba.

Na tuna safiyoyin da take shiga bas idanu jawur, ina mata faɗan kallon bidiyo.

Na cire abin daga kunne. Rana tana ta sauka kan karan alkama, komai ya yi kyau ƙwarai, har na ji haushin kyan.

Litinin, 8 ga Disamba, da tsakar rana

An hana girbi yau saboda tsoron gobara, iska mai zafi tana kaɗowa daga arewa. Merv yana gida kamar zakin da aka kulle. Rediyo na ta maganar dokar, wannan ya ce za ta ceci yara, wancan ya ce za ta kora su lunguna masu duhu.

"Da ma tun tuni," in ji Merv. "Yaro ya fita ya ga rana."

Na ce, "Haka ne."

Sai ya kalle ni ta saman gilashinsa. "Glenys, gishiri kika zuba mini a shayi."

Talata, 9 ga Disamba, da almuru

Marnie ta tare ni a wajen kaji. Ba gabatarwa, ta miƙo wayar, kyamara a buɗe.

"Gobe ne, Nana. Don Allah."

Na ga fuskata a ciki, ƙarama, da bokitin dusa a hannu.

"A'a."

"Saboda doka? Dokar da ta kasa bambance Bree da Shae?"

"Ba saboda doka ba."

"To saboda me? Kin tsane ta ne? Ku duka kun tsane ta!"

"Saboda shekararki sha huɗu. Ba ke ya kamata ki riƙa ce wa mutum ya kwanta ta gefe ba."

"In ban faɗa ba wa zai faɗa? Ke?"

Ta tsaya tana jira, ta ba ni lokaci mai yawa, gaskiya ta ba ni. Sai ta ce, "In wani abu ya same ta, ke ce." Ta juya.

Kaji suka shige akurki ɗaya bayan ɗaya. Na rufe ƙofar, na daɗe da hannu a kan sakata.

Laraba, 10 ga Disamba, da hantsi

An rufe.

Wasu nasu yana aiki har yanzu, suna ta ɗaga waya suna tsokana. Shae ta ce za ta riƙa karanta wa ƙananan yara labaran duniya kowace safiya, kyauta. Amma bayan tudun Fenwick sai bas ya yi tsit, irin shirun da ban taɓa ji da yara a ciki ba.

Sai ga jiminu, uba da 'ya'yansa masu zane a jiki, suna gudu gefen shinge daidai da mu. Kowa ya taso ya manne da gilashi. Wata ƙaramar yarinya ta ce, "Misis Harkin, kullum suna nan?" Na ce kullum.

Da wani ne ya ba ni labarin nan, da na ce, kun gani, dokar ta yi aiki.

Marnie ba ta taso ba. Ba ta zo da wayar ba ma. Hannayenta biyu a cinya, a buɗe, kamar wadda aka karɓe wa jariri.

Alhamis, da yamma

Marnie ba ta ci abinci ba.

Juma'a, 12 ga Disamba, da yamma

An yi hutun ƙarshen shekara. Yara sun ba ni kek mai kwakwa. Ba ta ci ba. Ba ta yi mini magana ba.

Asabar, 13 ga Disamba, da almuru

Bari in rubuta.

Bayan abincin rana na leƙa ɗakin Marnie, babu kowa. Kekenta ba ya nan. Na kira Merv ta rediyon gona, ya bar injin a tsakiyar kunya, abin da ban taɓa ganin ya yi ba. Bai tambaye ni ina za mu duba ba. Kai tsaye ya ɗauki hanyar tafki, hanyar da yake zagaye wa duk tsawon lokacin nan ko da za ta ninka masa tafiya.

Keken yana yashe daidai kwanar da a-kori-kurar ta kife.

Ita kuma tana can ciki, nesa, a kan farin gishiri. Zafi ya ɗaga ta sama. Na rantse ƙafafunta ba sa taɓa komai, 'yar baƙar alama ce kawai tana rawa tsakanin fari da fari.

Merv ya shiga. Gishirin sama ne kawai busasshe. Ƙarƙashinsa baƙin taɓo ne. Duk taku sai ya burma har ƙauri, ya zaro, ya sake burmawa, tsoho mai ciwon gwiwa. Na ga sun haɗu. Na ga tana dukan ƙirjinsa. Iska ta kawo mini guntayen maganarta: mamana, saƙo, kun rufe, ba ta sani ba. Bai riƙe hannayenta ba. Ya tsaya kawai ya bar ta ta gama.

Sun dawo tare, ya cire hularsa ya ɗora mata, takalmanta a hannunsa.

A mota ta yi barci tsakaninmu, leɓunanta duk sun tsage. Mun kusa gida ya ce, idonsa a kan hanya:

"Tun yaushe kika sani?"

"Tun farkon wata."

"Hm."

Litinin, 15 ga Disamba, da hantsi

Na buga wa matar ofishin kula da yara, wadda ke duba lamarin Marnie. Na gaya mata komai. Ta ce ba a taɓa hana uwa da 'ya magana ba, sharaɗin kawai a samu babba a wurin.

A samu babba a wurin. Na ajiye waya ina ta maimaita shi kamar wata waƙa.

Litinin, da la'asar

Na ƙwanƙwasa wa Marnie ƙofa na ce, "Ba zan ara miki fuskata ba. Amma ina so in yi amfani da ita da kaina, kuma ban iya ba."

Ta daɗe kafin ta buɗe.

A teburin kicin muka zauna da wayata. Ta saukar da manhajar, ta tambaye ni sunan da nake so. Na ce sunana mana. Ta ce ba a yin haka, Nana. Na ce ni haka zan yi, ina so a gane ni.

Sai na'ura ta ce in nuna fuska. Ni! Marnie ta riƙe wayar. "Ɗago haɓa. Ba haka ba, ba hoton fasfo ba ne. Juya hagu. Ɗaya hagun, Nana."

Da na juya a hankali, sai na ga gefen fuskata, abin da madubi ba ya nuna wa mutum. Kuncin Tegan ne. Haɓarta ce, da shekaru a kai. Na ci gaba da kallo har Marnie ta ce an gama.

"Me ta ce?"

"Ta ce kin wuce sha shida." Bakinta ya motsa. "Da ƙyar."

Dariyarta ta gaskiya ta farko ke nan tun watan jiya, ƙarama, mai hawaye.

Ta nemo mini sunan da uwarta ke amfani da shi. Ta nuna mini inda zan danna in riƙe in yi magana. Na shirya jawabi tun safe, amma da na danna sai ya gudu. Na ce:

"Tegan, mamanki ce. Marnie tana lafiya. Gwamnati ce ta rufe mata shafi, ba ita ta bar ki ba. Daga yau in kina son ta, ta nan za ki same ta. In kuma dare ya yi miki tsawo, ni za ki nema, ba ita ba. Ina nan."

Na saki. Ya tafi.

Laraba, da sassafe

Ba a buɗe ba.

Alhamis, da sassafe

Ba a buɗe ba. Marnie ta ci ƙwai da burodi. Wayar tana aljihun rigata duk inda na je, ina jin nauyinta kamar ƙwan da ake jira ya ƙyanƙyashe.

Juma'a, 19 ga Disamba, da tsakar rana

Ba a buɗe ba. Na yi gyangyaɗi a baranda, na yi mafarki gidan nan ya tashi yana tafiya a hankali kan gonaki, labule na kaɗawa, muna leƙa kowane gari ta taga.

Asabar, 20 ga Disamba, da yamma

An gama girbi. Merv yana wanke injin da mesa, na kai masa ruwan sanyi. Ya sha, ya goge baki, ya ci gaba da fesa ruwa a wurin da ya riga ya wanku.

"Abin nan naku. Ana iya ƙara saƙo ko ba a buɗe na farko ba?"

"Ana iya."

"Ki ce mata alkama ta yi kyau bana."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan."

Na aika yadda ya faɗa, ban ƙara ko kalma ba.

Litinin, 22 ga Disamba, da hantsi

An buɗe. Duka biyun. Babu amsa.

Ni da Marnie mun zauna muna kallon 'yar alamar kamar masu jiran tsayuwar wata.

Laraba, jajibirin Kirsimeti, da la'asar

Ina share cikin bas wayar ta yi ƙara a aljihuna. Ban buɗe ba. Na ajiye tsintsiya na taka zuwa gida, na kira su duka biyu baranda, na ɗora wayar kan tebur.

Da fari numfashi kawai. Sannan:

"Mama. Na saurara sau da yawa. Na kasa... An kwantar da ni ne a asibiti, shi ya sa na ɓace. Na fito yanzu. Ina wani gida a Perth, na mata, suna da kirki. Kada ku zo tukuna. Don Allah kada ku zo. Gobe zan iya kira da hoto, in kun yarda. Ku ce wa tsuntsuwa ban taɓa zaton ta bar ni ba." Sai dariyar nan a tsakiyar kalma. "Ƙarya nake. Na zata."

Marnie ta kifa kai a tebur. Merv ya tashi ya ce zai duba famfon tumaki, famfon da ya duba da safe.

Ranar Kirsimeti, da yamma

Tegan ta kira bayan mun ci abinci.

Ta rame. Ta yanke gashinta gajere, haƙori ɗaya na gefe babu. Bayanta akwai taga da wata bishiya mai furanni shuɗaye, ina ta kallon bishiyar don na kasa kallon fuskar kai tsaye. Marnie ta tashi tsaye ta jingina da ƙofar firiji don uwarta ta ga tsawonta. Suka yi ta surutu kan takalma da malamin lissafi. Ni ina gefe ina goge faranti ɗaya.

"Mama na nan?"

"Tana nan. Sharaɗi ne."

"Juyo ta in gani."

Muka kalli juna. Na ce, "Kina cin abinci?" Ta ce, "Kai, Mama." Ta sa hannu ta rufe baki.

Merv yana bayan ƙofar raga, a waje, hula a hannu. Sai tari ya kama shi.

"Wa ke tari haka?" in ji Tegan, alhali ta sani.

Bai shigo ba. Daga inda yake ya ce, "Ni ne, Tegs."

Ta ce za ta riƙa kira kowace Lahadi da la'asar.

Lahadi, 28 ga Disamba, da almuru

Ba ta kira ba.

Tun azahar Marnie ta wanke gashi. Na jingina wayar da kwanon sukari. Merv ya kawo wani tsohon rediyo teburin kicin wai zai gyara, ya warware shi gunduwa-gunduwa. La'asar ta yi, ta wuce. Hasken ya bi bango a hankali, ya hau agogo, ya sauka kan firiji, ya fita.

Marnie ta ce, "Haka take yi." Ta miƙe za ta shige ɗaki ta rufe ƙofa, na ga hakan a kafaɗarta. Ta kai bakin ƙofa ta tsaya. Sai ta dawo ta zauna a ƙasa kusa da kujerata, ta ɗora kai a cinyata, ta yi kukanta a fili. Merv ya ci gaba da juya sukuduraiba a cikin rediyon da ba shi da sauran abin kwancewa.

Mu uku muka jira. Ba ta kira ba.

Litinin, 29 ga Disamba, da sassafe

Saƙo ya shigo gari bai gama wayewa ba. Kalmomin suna ɗan jan ƙafa. "Yi haƙuri, Mama. Jiya ba ta yi kyau ba. Kada ki sa mata wannan ta ji."

Na leƙa ɗakin Marnie. Tana barci, baki a buɗe, ƙafa ɗaya waje da bargo, kamar kowace yarinya a lokacin hutu. Na ja mata ƙofa.

Na fita baranda da shayina, na danna, na riƙe.

"Na ji ki. Sha ruwa. Akwai wani kusa da ke? Yarinya tana barci, ba zan tashe ta ba. Faɗa mini, ina saurare."